Sunan da Kare Yake Amsawa

Duk ranar da jirgin masu yawon shaƙatawa ya tsaya a Arrecife, tashar tsibirinmu na Lanzarote, tun da safe nake ɗaure fuska. Bas za ta juye mana mutane a ƙofar gareji, kowa da farar riga, kowa yana so ya ga duwatsun da suka yi aman wuta, ya koma jirginsa kafin faɗuwar rana, kuma rigar tana nan fara. Sai in hau kan tsohuwar taya in karanta musu abin da na haddace. Bagi, 'yar motar da kowa zai tuƙa da kansa, ba ta da ƙofa, ba ta da gilashi, ƙarfe ce da taya huɗu da inji mai ihu. Ni Idaira ni ce a gaba, Melo makaniki shi ne a baya. Ba a wuce juna, ba a sauka daga hanya. Ga tabarau, ga ƙyallen rufe fuska, wanda ya ƙi ɗaurawa zai ci ƙasar Lanzarote har ya ƙoshi.

Ran nan ban gama ba na lura da wani dattijo dogo a can ƙarshen layi. Shi tuni ya ɗaure ƙyallensa har ƙarƙashin ido, ya ɗora tabarau, ya danna hula. Ko inji ba a tayar ba. Na ce a raina wannan ko mai asma ne ko mai iyayi.

Ina raba makullai matarsa ta kamo gwiwar hannuna. Gajeruwa ce mai jiki, gashi ya sha jan rini, da jin maganarta ka san 'yar Venezuela ce. Ta ce sunanta Zulay, ta ja ni bayan tankin ruwa kamar mun shekara da sanin juna.

"'Yata, wurin nan da kuke tsayawa a ci cuku, tsohon yana nan da rai?"

"Don Ciriaco? Daram. Ya fi ni lafiya." Mu nan Don muke ce wa babban mutum, kamar a ce Malam.

"To wan mijina ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Na leƙa na sake duban mai ƙyallen. Yana tsaye ya juya mana baya, yana kallon tsaunukan Tías.

Ba sai na tambaya ba, ita ta zazzage mini komai. Mijin ya bar tsibirin yana saurayi, ya ce wa gida zai dawo yankan inabi mai zuwa. An yanka inabi sau arba'in da wani abu bai dawo ba. Da mahaifiyarsu ta rasu ya bugo waya kantin ƙauye, aka je aka kira wansa. Wan ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "Ba mu da mai wannan suna a gidanmu," ya ajiye. Tun daga ranar mijin ya rantse ba zai taka gidan da sunan ɗan gida ba sai Ciriaco ya kira sunansa da bakinsa.

"Shi ya sa ya zaɓi motocin nan naku," in ji ta. "Ya gani a hoto kowa fuska a rufe. Zai je ya tsaya a gabansa. In ya gane shi ya kira shi, akwatunanmu a ɗaure suke a jirgi, in je in sauko da su mu zauna. In bai kira ba, da yamma mun wuce. Kuma da shekarunsa da wannan zuciyar tasa mai ciwo, likita ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a kan teku."

"Me zai hana ya buɗe fuska ya ce ga ni?"

"Ke! Ba ki san su ba ne? Kan dutse gare su."

Na san ɗaya daga ciki, kuma ba ta yi ƙarya ba. Na ce, "Yaya sunan mijin naki?"

"Crescencio. A gidansu Chencho suke ce masa."

Makullin da ke hannuna ya kusa faɗuwa. Duk wanda yake aiki a hanyar La Geria, kwarin gonakin inabi, ya san Chencho. Karen Don Ciriaco ne, wani siriri mai manyan kunnuwa, ɓarawon cuku. Kafin shi akwai wani baƙi, shi ma Chencho. Tun ina yarinya ina bin babana sayen ruwan inabi nake jin tsohon yana ƙwala wannan suna a cikin gona, ban taɓa kawo wa raina sunan mutum ba ne.

Me zan ce mata? Ni aikina in fita da bagi takwas in dawo da takwas. Ba a ɗauke ni sulhu ba. Na miƙa mata makullin lamba biyar na ce ta ɗaure bel da kyau.

Muka fita. Daga kwalta muka faɗa hanyar ƙasa, baƙi suka fara ihunsu na murna. Wasu Jamusawa biyu a lamba ɗaya sun manne mini a baya kamar za su hau kaina. A lamba uku wani saurayin Ingila yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya a kan sanda, budurwarsa tana dukansa a kafaɗa. Iskar arewa tana nan inda muka bar ta jiya. Muka bi gefen tsohuwar ƙonanniyar ƙasa, na ɗaga hannu na nuna musu bakin dutsen da ya tsage, suka ɗaga wayoyi.

Rediyon da ke ƙirjina ya yi ƙara. Melo ne.

"Idaira, lamba biyar ɗin nan gawa yake rakiya?"

"Me ya yi?"

"Sai ya yi gudu lafiya lau, sai ya koma tafiyar kunkuru. Ya tare mu a baya, ni da lamba shida, ina shan hayaƙinsu."

"Tsoho ne, Melo. Kai ma saura ƙiris."

"Uwarki ce tsohuwa. Tsaya, tsaya." Ina jin injinsa ta rediyon. "Kin san me? Sai gefen gona yake rage gudu. Ga shi nan ya sake a gonar albasar su Perdomo."

Na duba madubi. Haka ne. Bagi huɗu na gaba sun bar gajimaren ƙura yana sauka a kan ganyen albasa, ta biyar tana lallaɓawa ba ta tayar da komai. Baƙo ba ya yin haka. Ni kaina sai in mai gonar yana tsaye nake tunawa, don na gaji da zaginsa. Na ce wa Melo ya ƙyale shi, na rage nawa gudun.

Rana ta ɗaga sosai muka gangara La Geria. Gonar Don Ciriaco tana jikin tudu, ramuka ne a cikin baƙin rairayi har sama, kowane rami da kurangar inabi ɗaya a ƙasansa da 'yar katangar dutse a gefen da iska take bugowa. Yana da rumfa a gaban gida, da tebur, da faranti na cukun akuya. Shekara da shekaru nan muke tsayawa. Mai tuƙi ya sha ruwa, wanda aka ɗauko ya ɗanɗana ruwan inabi, kowa ya ɗauki hoton ramuka.

Aka kashe injuna, kunne ya huta. Baƙi suka fara zare ƙyalle suna dariyar juna, kowa da zoben ƙura a kewayen ido. Lamba biyar bai zare komai ba. Ya fito a hankali, ya dafa ƙarfen motar, ya tsaya.

Don Ciriaco ya fito daga gida da tulu a hannu, da hular kabarsa, da wandon nan da ya ɗaure da igiya. Ya dube ni.

"'Yar Marcial, kin makara. Cukuna har ya fara gumi."

"Laifin Melo ne, Don Ciriaco."

"Kullum laifin Melo ne," in ji Melo, ya riga kowa kai hannu faranti.

Tsohon ya ajiye tulun. Ya bi baƙin da ido ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi, yana ƙidaya kofuna. Idonsa ya wuce ta kan mai ƙyalle bai tsaya ba. Sai ya juya wajen tudu, ya cika ƙirji, ya ƙwala.

"Chencho!"

Ina kallon dattijon. Ya riƙe ƙarfen motar. Zulay ta toshe baki da hannu biyu. Hannunsa na hagu ya tashi, ya kama gefen ƙyallen, har ya ja shi ƙasa na ga karan hancinsa, irin na Don Ciriaco sak.

"Chencho! Zo nan, ɗan banza mara kunya! Ina ka shiga tun safe?"

Karen ya ɓullo daga cikin wani rami, yana gudu yana watsa rairayi, ya zo ya faɗa ƙafafun tsohon yana kaɗa bindi.

Hannun ya tsaya inda yake. Sannan ya mayar da ƙyallen sama, ya gyara shi, ya matse ƙullin da ke ƙeya. Zulay ta juyo ta dube ni. Na sunkuya ina kwance igiyar takalmina da ba ta kwance ba. Kunya ta kama ni, kuma na ji haushin kaina, don kalma biyu a bayan tanki da sun isa.

Bajamushiyar lamba ɗaya ta durƙusa tana shafa karen. Ta ce in tambayar mata me sunan yake nufi. Na so in ƙirƙiro mata wani abu, amma tsohon ya riga ya gane da karensa ake.

"Gaya mata ba ya nufin komai. Suna ne yana ajiye a gidan nan ba mai amfani da shi, na ce kar ya lalace. Wannan ne na huɗu da ya ci shi." Ya yanka cuku ya jefa wa karen. "Gaya mata kuma shi wannan ko ya fita, kafin dare ya dawo."

Na fassara rabin farko. Jamusawan suka yi dariya, Melo ma ya yi, shi da bai san komai ba. Zulay ta zauna a bakin benci.

Mijin bai zo wajen tebur ba. Ya juya ya bi 'yar hanyar da ta hau tudu. Na ce, "Don Allah kar a shiga ramuka!" da harshe uku, kamar kullum, don baƙo in ya faɗa rami da gaba sai ya turo rairayi ya binne kurangar. Bai waiwayo ba. Ya wuce layi na farko, ya wuce na biyu, ya tafi can gefen arewa.

Akwai wani layi a can da katangunsa suka yi giɓi. Ko'ina a gonar Don Ciriaco dutse yana zaune a inda ya kamata, amma wannan layin duwatsu a zube suke a gindin katanga, wasu har rairayi ya rufe su rabi. Na sha ganinsa, na ɗauka tsufa ne, ƙarfi bai kai can ba. Ban taɓa tambaya ba.

Dattijon ya tsaya a bakin rami na farko na wannan layin. Ya daɗe. Sai ya sauka, a karkace, ƙafa ɗaya tana bin ɗaya, ko ƙwayar rairayi ba ta gangara ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani dutse da ya faɗo. Ban jin ya yi niyya. Mutanen nan namu na gona haka suke, babana ko a hanyar coci da rigar Lahadi ba ya iya wuce dutsen katanga a ƙasa. Ya jujjuya shi a hannu yana neman fuskarsa, ya ɗora, ya cire, ya juya, ya sake ɗorawa. Ya bar 'yar ƙofa don iska ta wuce, ya tsinci wani ƙarami ya soka a ƙarƙashi. Duk wannan da hannun hagu ya yi shi.

Na ji an ajiye wuƙa a kan tebur. Don Ciriaco ya daina yanka cuku.

Ya goge hannu a wando ya kama hanyar tudu, kare a bayansa. Zulay ta miƙe ta bi su, ni ma na bi, na ce wa Melo ya riƙe mini baƙi. Ya ce, "Da me zan riƙe su? Rawa zan yi musu?" Na ce ya yi.

Tsohon ya tsaya a bakin ramin. Bai dubi mutumin ba, dutsen ya duba. Ya sa tafin hannu ya danna shi, bai motsa ba.

"Kai mai ƙyalle. Ɗan wa ne kai?"

A nan ba a tambayar mutum sunansa, sai dai ɗan wa ne. Iska tana kaɗa ganyen inabin.

"Daga Venezuela muke, Don Ciriaco," in ji Zulay.

"Ban tambayi daga ina ba, baiwar Allah."

"Dutse ne ya faɗi na mayar," in ji mutumin ta cikin ƙyalle. Maganarsa ta can ce, amma muryar ta gidan nan ce. Kurma ma zai ji.

"Na gani. Da hagu." Don Ciriaco ya zura hannu a aljihu. "Layin nan ba nawa ba ne. Mai shi ya tafi, ya ce zai dawo yankan inabi. Ina yi wa kurangar aski, ina kwashe rairayi, don ita ba ta yi mini komai ba. Katanga kuwa ba na taɓawa. Bahago ne ya gina ta, dutsena ba ya zama a kan nasa."

"Ta zube da yawa."

"An daɗe."

Ɗaya a cikin rami, ɗaya a baki, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Karen ya sauka ya shinshina takalmin baƙon, ya hau ya zauna.

"Zafi bai dame ka ba a cikin tsumman nan?" in ji Don Ciriaco.

"Saboda ƙura ne."

"Wace ƙura? Injin a kashe yake."

"Na saba."

"To."

Na ga leɓen tsohon ya buɗe. Na rantse har na ji farkon sunan a kunnena. Sai ya yi tari, ya tofar gefe, ya ce wa iska, "Bana ba a yi raɓa ba." Mutumin ya ce ai ya ga alama a ganye. Suka shiga maganar raɓa. Wallahi raɓa! Mutum biyu masu furfura, rabon su da juna tun kafin a haife ni, suna tsaye suna lissafin raɓa. Zulay tana kuka ba sauti. Ni kuwa ji nake kamar in kama kawunansu in gwara.

Melo ya danna ham daga ƙasa. Lokacinmu ya wuce tuni. Na sauka na ce masa tayar lamba biyu kamar ta yi sanyi, ya duba. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce ya duba ta lamba shida. Ya dube ni.

"Ke, me ke faruwa a can sama?"

"Duba taya, Melo."

Ya duba duka, har da tawa, yana gunaguni. Saurayin Ingila ya fara nuna mini agogo. Bajamushen ya zo ya tuna mini cewa takardar talla ta ce akwai tsayawa a kan tsauni, kuma bas ba ta jira. Gaskiyarsa. Na sa yatsu a baki na yi fito.

Suka sauko, mai ƙyalle a gaba, Zulay tana jan hannun rigarsa tana magana ƙasa-ƙasa, yana fizgewa. Don Ciriaco a baya da karensa. Wajen tebur tsohon ya naɗe ragowar cuku a takarda ya miƙa wa Zulay. Bai taɓa ba baƙo guzuri ba, ni shaida ce.

Kowa ya hau. Na tayar, bakwai suka tayar a bayana, ihun inji ya cika kwarin. Hanyar fita daga gonar siririya ce tsakanin katanga biyu, in ka shiga ba juyawa sai ka kai titi. Na shiga, ɗaya ta biyo, biyu, uku, huɗu. Na duba madubi don in ga ta biyar ta taso.

Ta taso. A bayanta Don Ciriaco yana tsaye tsakiyar fili, ya cire hula. Ya cika ƙirji kamar ɗazu. Ko ta cikin ƙarar injuna takwas na ji shi.

"Chencho!"

Karen yana zaune jingine da ƙafarsa. Hannun tsohon yana kan kansa. Karen ya ɗaga ido yana kallon maigidansa, yana mamakin me ake kira bayan ga shi.

Lamba biyar ba ta rage gudu ba. Kan da ke cikin hula bai juya ba. Sai Zulay na ga ta murɗa jiki cikin bel tana waige, tana dukan cinyar mijinta. Ƙura ta tashi ta rufe madubin.

Na so in taka birki, amma Jamusawa suna manne da ni, in na tsaya sun hau kaina. Na yi ta tafiya har titi, daga titi na haye hanyar tsauni, don ita ce ta gaba a tsari. A can sama akwai fili inda ake ganin teku ta ɓangare biyu, da jirginsu fari a tashar Arrecife. Baƙi suka watsu ɗaukar hoto. Na tafi kai tsaye wajen lamba biyar.

Ya zare ƙyallen. Fuskar Don Ciriaco ce, sai dai ba ta sha rana kamar tasa ba. Yana zaune riƙe da sitiyari.

"Don Crescencio, ya kira ka."

"Na ji."

"Karen yana gindinsa. Da idona na gani, hannunsa a kan kansa. Ba kare ya kira ba."

"Na gaya masa!" in ji Zulay. "Tun a hanya nake gaya masa!"

"Melo zai wuce da sauran," na ce. "Ni in mayar da kai. Ba nisa."

Ya girgiza kai. "'Yata, ya san ni tun ina ɗora dutsen nan. Ina gabansa, ba inji, ba ƙura, ya yi mini maganar raɓa. Ya bari sai da aka tayar da motoci, na ba shi baya. Don in na juyo ya ga abin bai yi masa ba, ya ce ai karensa yake kira."

"Kai fa?" Zulay ta fizge ƙyallen daga cinyarsa ta jefa masa a ƙirji. "Kai da ka je gidan ubanka da tsumma a fuska? Don in abin bai yi maka ba ka ce ai kai baƙo ne? Ya kira, Crescencio! Abin da ka ce ke nan. Ka ce in ya kira!"

"Sau ɗaya na ɗaga hannu yau aka ba kare cuku. Ba zan sake ba."

Ya faɗe ta ba tare da ɗaga murya ba. Ya ninke ƙyallen gida huɗu ya sa a aljihun riga. Na tsaya ina jiran ko zai ƙara wani abu. Ya tambaye ni ko hanyar komawa tana bi ta Tías, na ce eh. Ya ce to mu tafi kar mutane su rasa bas.

Na fita da takwas, na dawo da takwas. A gareji suka mayar da tabarau, aka karkaɗe ƙura, fararen riguna duk sun koma ruwan toka. Zulay ta rungume ni, ƙunshin cukun yana hammatarta. Shi kuwa ya miƙo mini hannun hagu, ya tuna, ya canja zuwa dama. Da yamma ina wanke motoci na ji jirgin ya busa ƙahonsa. Melo ya matsa mini sai na gaya masa, na gaya masa. Ya zauna a kan taya ya ce, "Kai, tsofaffin nan," ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Washegari wasu 'yan otal muka ɗauka, mutanen Holland, ba sa sauri. Muka isa gonar da wuri. Na dubi tudu. Dutsen yana nan a kan katangar farko ta layin arewa, sauran suna zube yadda suke.

Don Ciriaco ya fito da tulu. Bai ce na makara ba, bai tsokani Melo ba. Ya jera kofuna, ya yanka cuku. Ya dubi bagi lamba biyar, wasu 'yan mata biyu ne a ciki suna dariya. Sannan ya matso kusa da ni, idonsa a kan faranti.

"'Yar Marcial, jirgin jiya ya tashi?"

"Ya tashi, Don Ciriaco."

"Da kowa?"

"Da kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen tudu. Karen yana can bakin wani rami yana tona wani abu. Tsohon ya cika ƙirji, ya riƙe, ya saki.

"Kai," ya ce. "Kai, zo nan."

Karen ya ɗago kai, ya dube mu, ya koma tononsa.

"Kai! Da kai nake!"

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce in tambayar mata sunan karen, tana so ta kira shi ta ɗauki hoto. Na tambaya, don aikina ne. Don Ciriaco ya ɗauki yankan cuku ya kama hanyar tudu da ƙafarsa don ya kai masa.

"Gaya mata ba shi da suna," ya ce.